Hayaƙin Ranar Laraba

Asabar, 14 ga Maris, da yamma

Na dawo daga tsallake jikina sakayau, gashina sai ƙamshin hayaƙi. Tun tsakar rana yayata Aune ta hura sauna, ɗakin wankan tururin nan namu. Ina hango hayaƙin ta tagar kicin na ɗauki tawul da gurasa na gangara kogi, kamar kowace Asabar tun da aure ya kawo ni daga Finlan zuwa wannan gaɓar ta Suwidin. Ƙanƙarar da ta rufe kogin, wadda muke takawa mu tsallaka, ta yi kauri bana. Rassan da ni da ita muka kakkafa a farkon sanyi don nuna hanya duk suna nan tsaye, sun kewaye wurin nan na tsakiya inda ruwa ke gudu ta ƙarƙashi.

Aune ta haura saba'in amma bakinta bai tsufa ba. Ina isowa ta tare ni a ƙofa.

"Auta, saura kaɗan ki shige rumbun itace. Yaushe za ki sa tabarau ɗin nan da likita ya ba ki? Sai kin rungumi turken fitila kin ce mijinki ne?"

"Idona garau yake."

"Garau kamar ruwan wanki."

Muna zaune a benci tana zuba wa duwatsu ruwa, tururi na tashi, ta ba ni labarin da ya kusa kayar da ni don dariya. Wai ranar Talata ta leƙa ta ga hayaƙi na fita daga saunar maƙwabcinta Veikko. To mu yadda Inna ta rene mu, sauna ta Asabar ce. Duk wanda ya hura ta a wata rana, ko an samu ƙaruwa a gidan ko an yi rashi, don a ciki aka haife mu, a ciki kuma aka yi wa Baba wankan ƙarshe. Aune ta ce gabanta ya faɗi, ta zura takalmi ta ruga, tana tafe tana tsara wanda za ta fara sanar wa. Sai ga Veikko a tsakar gida da ransa, yana faskare. Ashe ɗansa ne ya zo hutu daga kudu shi da matarsa, su kuwa 'yan birni kullum Asabar ce a wurinsu. Don su wanke laifi suka biyo ta gida da kek, aka sha gahawa har yamma.

Mun ɗan taɓa zancen cutar nan da ta cika rediyo. Ta ce, "Wa zai ɗauko ta ya kawo mana nan, inda ko mai raba wasiƙa sai ya ga dama yake zuwa?"

Talata, 17 ga Maris, da safe

Wai jibi za su rufe iyaka saboda cutar nan. Wace iyaka? Sixten ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na miƙo masa abin shaƙarsa. Ramin haƙar ƙarfe ya cinye wa mijina rabin huhu, amma bai rage masa surutu ba. Da numfashi ya dawo ya ce, "Helmi, su fara nemo ta tukuna. Tana ƙarƙashin ƙanƙara tare da kifi."

Gaskiya ya faɗa. Harshenmu ɗaya da na tsallake, kakanninmu ɗaya, rabin matan gaɓar nan daga can aka auro su. Baba ma da fasa-ƙwaurin man shanu da gahawa a kan kogin nan ya ciyar da mu, masu gadin kuma a kicin ɗinmu suke shan gahawar. Wannan duk zancen mutanen babban birni ne.

Laraba, 18 ga Maris, da yamma

Dole in rubuta wannan.

Na tsallaka kantin can sayen cuku, don nasu ya fi namu, kowa ya sani. Ina tura ƙofa hira ta ɗauke. Mutanen da na san iyayensu, waɗanda na ci bikinsu na je jana'izar nasu, suka ja da baya suka manne da kanta. Wata ta ja mayafin wuyanta ta rufe hanci. Sai Veikko ya ɗaga min hannu.

"Helmi, tsaya daga nan."

Na ɗauka tsokanarsa ce ta kullum. Na ce, "Kai tsohon banza, yau kuma me ka sha da rana tsaka?"

"Ba wasa nake ba. Ku can kun saki abin yana yawo. Makarantunku a buɗe, mashaya a cike, kuna ta rungume-rungume. In kun zaɓi mutuwa ku mutu can abinku, kada ku kawo mana."

"Ku? Su wane ne ku? Ni da na share maka majina a aji ɗaya? Ga gidan ubana can, ta tagar nan ma ana hango shi."

"A da ke nan," in ji shi.

Ba wanda ya ce masa haba. Shi ne abin da ya fi kaɗa ni, ba wanda ya ce haba. Matar kanti ta turo min cukun da bakin biro, kafin in kai ƙofa har ta fara fesa magani a inda na dafa.

Ban biya ta wurin Aune ba, don kada ta ga fuskata ta je ta tara wa Veikko jama'a. Asabar na nan tafe, sai in ba ta labari mu zage shi tare.

Alhamis, 19 ga Maris, da rana

An rufe. Masu gadi biyu sun wuce ta tsakiyar kogi a kan babur ɗin ƙanƙara, a hankali, suna kallon gidajenmu.

Jumma'a, 20 ga Maris, da yamma

Maƙwabciyarmu Birgit da mijinta sun shigo shan gahawa, ba ƙwanƙwasawa, kamar yadda suka saba. Tun daga ƙofa take dariya.

"Ke 'yar Finlan, me ya samu mutanenki? An ce har makarantu sun kulle, kowa ya shige ɗaka kamar ɓera ya ga kyanwa. Mura ce fa!"

Mijin ya cika baki da biskit ya ce, "Ai tsofaffi da masu ciwon ƙirji kawai take ɗauka. Su kuwa da ma suna kan hanya. Ba za a tsayar da ƙasa guda saboda su ba."

Sixten na zaune a gabansa, abin shaƙarsa a kan tebur kusa da sukari. Ya yi murmushi ya ce, "Na gode da ka tuna da ni." Suka bushe da dariya, sun ɗauka raha ce. Ni kuwa na tashi na kwashe kofuna.

A can ni 'yar Suwidin ce mai yawo da cuta, a nan ni 'yar Finlan ce matsoraciya. Fiye da shekara arba'in ina zirga-zirga a kan kogin nan ban san ni baƙuwa ba ce a gaɓa biyu. Gobe Asabar, ko sojoji aka jera sai na tsallaka.

Asabar, 21 ga Maris, da safe

Babu rassan.

Na tashi ɗora gahawa na hango mutum a tsakiyar kogi yana tuge su ɗaya bayan ɗaya, yana zubawa a abin ja, yana komawa ta gaɓar can. A hankali yake yi. Ya cire biyu ya tsaya ya dafa gwiwa, ya cire biyu ya tsaya. Na tsaya da buta a hannu har ya gama.

Ban ga ko wane ne ba. Idona ba shi da kyau, kowa ya sani. Jar rigar sanyi kuwa ba mutum ɗaya ke da ita ba a duniya.

Asabar, da yamma

Dusar ƙanƙara ta sauko da rana ta shafe sawun hanya. Babu hayaƙi.

Na kira Aune a waya. Ta ƙure rediyo har da kyar nake jin ta, kuma tana yi tana toshe bakin wayar kamar mai magana da wani. Ta faɗi abin da ta faɗa.

Ban yi girki ba. Sixten ya ci burodi da cuku bai tambaye ni komai ba.

Litinin, 23 ga Maris, da safe

Ni na sayo mata jar rigar nan, shekarar da mijinta ya rasu, don in riƙa gane ta daga nesa.

Bari in rubuta, ko ya bar min ƙirji. Na ce, "Yaya, wa ya cire rassan?" Ta ce ita. Na ce don me. Ta ce don kada in zo. Na ce, "Yaya, ni ce fa." Rediyo na ta zuba, ta ce, "Kin zama tasu, Helmi. Ki zauna can da ƙazantarku." Ta kashe.

Helmi ta ce. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai Auta. Ita ta goya ni, ita ta yi min kitson aure, ba ta da kowa a duniya sai ni. Ashe tsoro na iya shiga mutum ya kore shi daga cikin jikinsa.

Alhamis, 26 ga Maris, da rana

A zauren ƙauyukanmu na waya, inda da ake tallar tsohon keke da neman ɓataccen kare, yanzu hotunan motoci ake sawa. Duk motar da aka gani da lambar Suwidin a can sai a ɗauka a watsa, a ce ga su nan, a kira masu gadi. Yau na ga kaina. Wani ya ɗauke ni ranar Laraba ina dawowa da cukuna a kan kogi, ya rubuta a ƙasa, "Irin waɗannan ne za su kashe mu." Na nan gaɓar suka shiga ramuwa, wai matsorata, wai bayin gwamnati. Har da 'yan uwa ciki ɗaya suna jifan juna da magana.

Na fita daga zauren. Ba na son jin komai daga can.

Asabar, 28 ga Maris, da rana

Babu hayaƙi. Ta gwammace ta zauna da dauɗa da in ga hayaƙi in ɗauka kirana take.

Lahadi, 29 ga Maris, da yamma

Sixten ya ce in kira ta. Na ce ba ni na cire rassa ba.

Ya ce, "Ke da kika tsallaka kan ruɓaɓɓiyar ƙanƙara da silifas shekarar da ta karye a ƙafa, muna ihu kina tafiya, yau waya ce ta yi miki nauyi?"

"Wancan karon ciwo ne ya same ta. Wannan karon ni ce ciwon."

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, Helmi."

"Je ka gaya wa mai yankan."

Ya girgiza kai ya koma kan jaridarsa. Ya ce taurin kanmu ɗaya ni da ita, da za a haɗa a yi gada da shi da tuni an huta.

Laraba, 1 ga Afrilu, da hantsi

Ta kira. Ina wanke-wanke, hannuna duk kumfa.

Alhamis, 2 ga Afrilu, da safe

Wayar na kan tebur a gabana jiya, sunanta na haske, na zuba mata ido har ta gaji ta yi shiru. Na ce in da gaske take za ta sake kira. Ba ta sake ba.

Asabar, 4 ga Afrilu

Babu hayaƙi.

Talata, 7 ga Afrilu, da yamma

Cutar ta shiga gidan tsofaffi na nan gaɓar. Mahaifiyar Birgit ta rasu jiya, ba a bar kowa ya shiga wurinta ba. Sun sauke tutar ƙofar gidansu zuwa rabi. Na dafa miya na kai, Birgit ta buɗe taga ta ce in ajiye a kan matakala in ja baya. Idonta ya kumbura. Ta ce, "Ma'aikatan nan da ke zuwa daga wajenku ne suka kawo ta. Su aka bari suna shige da fice."

Wajenku. Matar da ta ce mura ce. Na juya na tafi, don mai makoki ba a ja da shi. Kowa ya samu gaɓar da zai nuna da yatsa, na nan suna nuna can, na can suna nuna nan, kogi kuwa na kwance abinsa a tsakani.

Na hana kowa shigo mana gida. Sayayya ni kaɗai nake zuwa, in dawo in wanke har kwalin madara. Sixten ya ce na mayar da shi ɗan fursuna, na ce gara fursuna da gawa.

Da la'asar ya ɗauko madubin da yake kallon tsuntsaye da shi ya duba tsallake. Ya ce ga Veikko can yana shiga gidan Aune ta ƙofar baya da ƙwarya a hannu, kamar ta abincin kyanwa. Safe da yamma yake shiga, in ji shi. To madalla. Veikko mai tsarki ne, shi an buɗe masa ƙofa.

Alhamis, 9 ga Afrilu, da rana

Na haɗiye girman kai na kira. A kashe take. Na sake, a kashe.

Na kira Veikko. Ya daɗe bai ɗauka ba. Na ce ya ba ni yayata.

"Ba ta son magana," in ji shi. Muryarsa ta dushe, ba irin ta ranar kanti ba.

"Ita ta ce maka?"

"Ita ta ce."

"To ka gaya mata jibi jajiberin Ista ne. Tun muna yara ba mu taɓa cin ragon Ista a rabe ba. Ka ce mata ƙanƙara ta kusa lalacewa, in ta fashe sai mu yi makonni ba ƙafa ba kwalekwale."

Ya ja numfashi kamar zai ce wani abu. Sai ya ce, "Ki kula da Sixten," ya kashe. Su duka sun koyi kashe waya a kunnen mutum.

Asabar, 11 ga Afrilu, da yamma

Na gasa ragon, na naɗe rabi, na ɗauki mota na gangara har gada.

Da ban gani da idona ba da na ƙaryata. Shingen ƙarfe suka gitta a wurin da yara ke tseren keke. Mutane sun jeru ta nan da ta can, kowa ya ja baya, suna magana da ƙarfi ta cikin raga. Na ga wani dattijo ya ɗaga jariri sama don wata tsohuwa ta gani. Wata mota ta wuce a bayanmu, wani ya leƙo ya yi ihu, "Ku koma gida, 'yan kashe mutane!" Ban ma san da wace gaɓa yake ba.

Mai gadin ya yi min magana da ladabi. Ya duba takarduna, ya ce na Suwidin ne. Na ce a lokacin aurena ba a riƙe takardun ƙasa biyu, amma ga lafazina, ya ji ko na baƙuwa ne. Ya ce ya ji, sai dai ana barin mai aiki ne ko mai larura ta gaske.

"Mama, yayar taki ba ta da lafiya ne? In haka ne sai mu duba."

Na ce, "Lafiyarta ƙalau. Fushi take yi."

Ya kusa dariya, ya danne. Ya ce fushi ba ya cikin abin da aka lissafa musu. Na ce ko naman ya miƙa mata, ya ce ba shi da izini.

Na dawo da ragona. Babu hayaƙi yau ma.

Lahadi, 12 ga Afrilu, da safe

Ƙararrawar cocin tsallake ta kaɗa, iska ta kawo mana ita tar. An ce ba kowa a ciki sai fasto, yana wa benci wa'azi. Na buɗe taga na saurara har ta ƙare.

Asabar, 18 ga Afrilu, da rana

Babu hayaƙi. Tsakiyar kogi ta fara yin baƙi.

Laraba, 22 ga Afrilu, da yamma

Yini guda ina faɗa da ita a zuci. Ina share ɗaki ina gaya mata magana, ina fere dankali ina ba ta amsa. Na tuna mata daren da mijinta ya cika a hannuna tana waje tana kuka. Na tuna mata wanda ya kwashe mata fo wata biyu da ta karye. Duk na yi nasara, ba ta da ta cewa.

Sai na tsinci kaina na gasa gurasa biyu, kamar kullum, ɗaya tata.

Ina kewarta. Ga shi na rubuta. Ina kewar bakinta mai yaji, da yadda take dukan bayana da ganye a sauna kamar na ci mata bashi. Zumunta a ƙafa take, an ce, to an cire min hanyar ƙafar. In na same ta ba zan ce komai ba. Zan zauna a benci in ce ta zuba ruwa.

Asabar, 25 ga Afrilu, da yamma

Da tsakar rana ta wuce ba hayaƙi sai na sa takalmi na ɗauki doguwar sanda na gangara. Na ce na san kogin nan tun kafin a haifi masu gadinsa, ba na buƙatar reshe. Ruwa ya kwanta a saman ƙanƙara har idon sawu. Na yi ɗan nisa, sanda na nutsewa kamar a cikin tuwo, na duba gabana ban gane inda baƙin wurin ya fara ba. Komai ya haɗe min, fari da toka.

Sai na ji sunana. Sixten ne, ba hula ba rigar sanyi, ya gangaro har bakin ruwa, mutumin da matakalar gida ke gagararsa. Ya durƙusa yana neman iska. Ban san lokacin da na juyo ba.

Da ya samu magana ya ce, "In kin nutse, wa zai gaya mata? Ni? Da wane numfashin?"

Da kyar na hau da shi tudu. Na sa masa abin shaƙa, na lulluɓe shi, na zauna kusa da shi. Shi ke nan, hanyar ƙafa ta rufe sai baɗi.

Laraba, 29 ga Afrilu, da hantsi

Hayaƙi.

Daga saunar Aune. Fari, mai kauri, ya miƙe sama kamar ginshiƙi, ban taɓa ganin irinsa ba. Na yi ihu na ce Sixten zo ka gani, ta huce, kirana take. Har na ɗauko tawul.

Sixten ya tsaya a bayana ya duba. Can ya ce, "Helmi, yau wace rana ce?"

Laraba, da yamma

Veikko ya ɗauka tun ƙarar farko. Ya ce yana zaune da wayar a hannu yana jira na.

Da asuba ta cika, a asibiti. Wata guda ke nan tana can.

Na ce ƙarya yake. Na ce lafiyarta ƙalau, ni da bakina na gaya wa mai gadi. Sai ya fashe da kuka, ƙaton tsoho, yana yi yana magana, ni kuma ina tsaye riƙe da tawul.

Ɗansa ne ya zo da cutar daga kudu bai sani ba. Ranar kek ɗin nan. Ɗan ya kwanta, matar ta kwanta, shi ma Veikko ya ɗan taɓa, duk suka tashi. Ya ce, "Ni da na tsaya a kanti ina nuna ki da yatsa, ashe tana gidana tana cin abincina. Kunya ta hana mu faɗa. Ƙauye guda muka yi gum, don kada ku can ku ji ku yi mana dariya."

Zazzaɓi ya kama Aune ana gobe za ta cire rassan. Da shi a jikinta ta fita kan kogi.

"Don me ba ka gaya min ba, Veikko? Don me?"

"Ta sa na rantse. Ta ce in na faɗa, ko ta mutu sai ta dawo ta shaƙe ni. Ta ce ke in kika ji ciwo ne, da silifas za ki taho, ki kwasa ki kai wa Sixten, shi kuwa kwana uku ba zai yi ba. Ta ce ke ba a ce miki kada ki zo ki fasa. Sai dai a ɓata miki rai."

Na zame na zauna a ƙasa. Na tambaye shi kiran nan na ranar Laraba, wanda ban ɗauka ba.

Ya ce ranar ce motar asibiti ta zo. An ɗora ta a gadon ɗauka, ta ce a miƙo mata waya. Yana tsaye daga ƙofa yana jin ƙarar tana ta yi.

"Me ta so ta ce min?"

"Ban sani ba, Helmi. Ina jin muryarki kawai take so. Da ba ki ɗauka ba sai ta yi murmushi ta ce, madalla, har yanzu tana fushi, ba za ta zo ba."

Ta taga hayaƙin na nan yana tashi. Ba za su ba da ita a yi mata wanka a sauna ba, in ji Veikko, a rufe za a kawo ta. Amma ta ce a hura duk da haka, ni zan gane.

Na ce, "Da me ka hura, ya yi kauri haka?"

"Da rassanku. Ta jingine su a bayan sauna, ta binne gindinsu a dusar ƙanƙara don kada su bushe. Ta ce in ta tashi ita za ta mayar da su da hannunta, ta zo ta ba ki haƙuri. In kuwa ba ta tashi ba, in zuba su a wuta, ɗanyen ganye ya fi hayaƙi." Ya tsaya ya share hanci. "Ta ce don Auta ba ta gani sosai, kuma ba za ta sa tabarau ba."

Na sami tabarau ɗin a cikin durowa, ƙarƙashin tsofaffin cokula, ko takardar jikinsa ban ɓare ba. Na sa na koma taga. Ga rufin sauna, ga matakala, ga bokitin ruwa a kife. Ga jar rigar a rataye a ƙusa, inda take barinta in za mu shiga. Na tsaya a wurin har rassan suka ƙare.

Asabar, 2 ga Mayu, da tsakar rana

Ƙanƙara ta fara fashewa. Sixten na ɗaki yana tari, yana nan da ransa.

Na sa tabarau tun safe, Yaya. Babu hayaƙi.